Ba Muryar Baba Ba Ce

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa masu bibiyar shafin nan, ba ni da abin dariyar da zan ba ku. Ku da kuke cika min akwatin saƙo da cewa na cika zaɓe, in karɓi bawan Allahn nan in huta, ku gyara zama. Idan kun gama karantawa sai ku sake ba ni shawarar, in bakinku zai iya.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: mu biyu ne a wurin iyayenmu, Yaya da ni, ni ce auta. Ina aiki a ɗakin injuna na wani gidan rediyo, cikin kebul da ƙura da sanyin na'ura, inda babu mai ganin kwalliyarka. Babanmu ya rasu bara waccan. Direban babbar mota ne, irin masu daɗewa a hanya. Muna ƙanana, idan tafiya ta yi tsawo, sai ya ɗauki muryarsa a kaset da wani ƙaramin rikoda, ya aiko mana ta hannun abokan aikinsa. Tatsuniya, faɗa a kan karatu, labarin tayar da ta fashe masa a daji, wani lokaci tari kawai da dariya, ana jin injin mota yana gurnani a bayansa. Muryar Baba mai kauri ce. Idan ya ce “Autana”, a ƙirji kake fara jin ta kafin ta iso kunne. Kwali guda ne cike da kaset-kaset ɗin nan a saman sif ɗin Mama, kowanne ya yi rubutu a jikinsa da jan biro.

Shi kuwa mai neman nawa, Mai Kunne ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Yana sayar da kayan sauti a ƙasan wani bene, situdiyonsa na sama. Kullum cikin fararen kaya masu kaifin guga, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Idan ya zo gaida Mama har ƙasa yake durƙusawa. Shi ya gyara mana famfo, shi ya kai Baffa, ƙanin Babanmu, asibiti da ƙafarsa ta kumbura. A gidanmu in ka taɓa Mai Kunne ka taɓa kowa.

Wata rana na dawo daga aiki, ko mayafi ban cire ba, na ɗaga kai na ga saman sif wayam. Sai shatin kwalin a cikin ƙura.

“Mama, ina kwalin Baba?”

Tana ninke kayan wanki, ba ta ɗago ba. “Na ba yaron nan. Ya ce zai juye su a kwamfuta kafin su lalace.”

“Ba na ce miki ni zan yi ba?”

“Tun yaushe kike cewa za ki yi? Kullum sai an gyara wannan, sai an auna wancan. Shi ya ce kwana kaɗan ya gama. Mutum ya ɗauki nauyin alheri, ke kina nan kina haɗe rai kamar an yi miki sata.”

Gaskiyarta a nan, na ja lokaci. Amma kaset da ya tsufa ba a yi masa gaggawa, wani sau ɗaya kacal zai yarda ya juya lafiya. Kuma, ku bar ni in faɗa muku, ban shirya jin muryar ba tukuna.

Bayan mako ya zo da yamma, riƙe da wani ɗan akwati an ɗaure shi da jan kirtani kamar na zobe. A ciki filash ne, wanda ya juye kaset ɗin a kansa. Ya haɗa sifikar da ya zo da ita a falo, Yaya ta zo da yaranta, Baffa ya zauna a kujerar Baba, ni ina bakin ƙofa da doguwar rigata ta zaman gida, ina murza gefen ɗankwali. Ya danna.

“Autana, kina jina?”

Mama ta rufe fuska da mayafi. Yaya ta fashe da kuka. Baffa yana ta girgiza kai yana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ni kuwa na ƙara kasa kunne. Kalmomin na Baba ne, tarin nasa ne, amma muryar siririya ce, kamar wani yana kwaikwayonsa ta hanci daga cikin gwangwani. Kaurin nan babu shi. Duk inda ya ɗaga murya sai ta tsage, kamar ana yaga tsumma. Gurnanin motar ma ya koma ƙarar sauro.

Mai Kunne ya dube ni yana murmushi. “Injiniya, yaya kika ji aiki?”

“An gode,” na ce. Abin da ya iya fita ke nan.

Da na raka shi bakin mota na tambaye shi da me ya yi aikin. Nan fa ya samu abin faɗa. Wani akwatin sauti ne sabo, babu irinsa a garin nan kaf, shi kansa sai da ya yi roƙo aka kawo masa.

“Ara min shi kwana biyu.”

“Kin ga abin manya ko?” Ya yi dariya. “Gobe za a kawo miki. Ki kula da shi, ba irin tarkacen ofishinku ba ne.”

Bari in yi muku bayani kaɗan, don kar ku ce son zuciya ne ya sa na tsani aikinsa. Kwamfuta ba ta san murya ba, lambobi ta sani. Akwatin sauti shi ne ɗan aiken da ke tsakani: yana da ƙofar shiga, inda yake karɓar murya ya mayar da ita lambobi, da ƙofar fita, inda yake mayar da lambobin su koma murya. Na kirki ba ya ƙari, ba ya ragi. Yadda ake gane hakan, mu a wurin aiki muna ce masa gwajin je-ka-ka-dawo. Za ka ɗauki gajeren kebul ka haɗa ƙofar fita da ƙofar shiga. Ka tura sautin da ka san shi ciki da bai, ya fita ya zago ya dawo, ka ɗauke shi. Sai ka daidaita ƙarfinsu da lokacinsu, ka kifar da ɗaya ka ɗora a kan ɗaya. Duk inda suka zo daidai za su share juna. Abin da ya saura, shi ne ɓarnar da akwatin ya yi a hanya.

Washegari da hantsi, da aka shiga dogon shiri babu mai nemana, na ja kujera. Na fara da tsohon akwatinmu na ofis, wanda fentinsa ya koɗe. Na tura wani sauti mai tasowa daga can ƙasa, mai kauri kamar tsawa, yana hawa har ya zama siririn fito. Sannan na tura muryar mai karanta mana labarai. Na kifa, na ɗora, na saurara. Shiru. Sai da na murɗa ƙara kusan ƙarshe kafin na ji wani ɗan huci can nesa.

Na cire kebul na mayar kan nasa, mai sheƙi da fitilu shuɗaye. Na yi duk abin da na yi wa na farko. Ban ma taɓa ƙara ba, sai ga muryar mai labarai ta cika min kunne, amma kaurinta kaɗai, tana gunguni kamar mai magana a bayan bango, da wata tsagewa a kan kowace kalma mai ƙarfi. Wato abin da akwatin ya zubar a hanya ke nan. A allon kwamfuta, layin da ya kamata ya miƙe sai ya zube ta ɓangaren sauti mai kauri kamar gangaren rami.

Ogana, dattijo mai ƙarancin magana, ya zo wucewa da kofin shayinsa. Na miƙa masa abin kunne. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

“Wannan na waye?”

“Na wani ne.”

“Ki ce masa kar ya ɗauki ko kukan akuya da shi.” Ya ajiye, ya yi gaba.

Na sake gwajin da wani kebul, na sake da wata kwamfutar, ina fata ni ce na yi kuskure. Wallahi na so ya zama ni ce. Sannan na ɗauki hoton allon na tura masa.

Na rubuta: “Akwatinka yana da matsala. Yana cinye kaurin murya, yana kuma tsaga ta. Don Allah ka dawo da kaset ɗin in sake juyewa.”

Ya karanta nan take. Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa.

“Hhhh. Gimbiyata, ni da kunne nake aiki, ba da zane-zane ba.”

“Ba zane ba ne. Awo ne.”

“To ai gwajin naki ƙofa biyu ya bi. Wa ya ce miki ba ta fitar ce ke da laifi ba? Ni da ta shiga kawai na yi aikin Baba. Kin ga ni ma na san abin.”

Na tsaya. Nan kam ya faɗi gaskiya, kuma ba zan danne masa ita ba. Gwajin je-ka-ka-dawo yana nuna akwai ɓarna, amma ba ya cewa ga ƙofar da ta yi. Sai na raba su. Na fitar da sauti ta akwatinsa na shigar ta namu: lafiya lau. Na fitar ta namu na shigar ta nasa: ga ɓarnar nan daram, ba abin da ya ragu. Ƙofar shiga ce, wadda muryar Baba ta bi.

Na tura masa wannan ma. Ya karanta. Can sai ga hoton fure da “Kin ci abinci?”

Ko da na koma gida, ƙarar da ya kai ni ta riga ni isa. Yaya na zaune a kan gadona, ta sha atamfa ɗinkin fita, jaka a cinya, ta zo musamman.

“Ke wace irin mutum ce? Mutum ya yi mana abin da ya sa Mama hawaye, ke kin ɗauki kayansa kin kai ofis kina tona masa asiri a gaban mutane?”

“Yaya, ke ba ki ji muryar ba? Tsakaninki da Allah, haka Baba yake magana?”

“Kaset ne, ya tsufa! Me kike so, ya fito daga sifika ya zauna?”

“Kaset ɗin nake so kawai.”

“Ranar Asabar mutanensa za su zo wurin Baffa a tsayar da magana. Ki rufa mana asiri ki bar zancen nan har a gama. Namiji ba ya son a nuna masa bai iya ba, balle a sana'arsa. Ke kin ɗauka aure ma da kebul ake auna shi?”

Mama ta leƙo daga ƙofa, ta dube ni, ta dubi Yaya. “Ki ji maganar yayarki,” ta ce a hankali, ta saki labule.

Na ƙara tambayarsa kaset ɗin a saƙo. Ya ce suna nan a adane. Na ce yaushe zan karɓa. Ya ce mukullin sito yana hannun wani. Washegari ya ce wanin ya yi tafiya. Ana nan sai ya daina amsa wannan tambayar gaba ɗaya, sai dai “Ina kewarki” da hoton kujerun da ya gani a kanti, wai in zaɓi kala.

Ranar Alhamis na nemi izini da azahar, na saka akwatinsa a jaka, na tafi situdiyon ba tare da na sanar da shi ba. Ban taɓa hawa saman ba, kullum a shago muke gaisawa. Matakalar ƙunci gare ta, tana warin sabon fenti. Na tura ƙofa. Yana zaune a wata kujera mai juyawa, fitila a fuskarsa, waya a kan sanda, yana ɗaukar bidiyon talla.

“…domin mu a nan, sauti gadonmu ne,” yake cewa, yana nuna bangon bayansa da hannu.

Na bi hannun da kallo.

Bangon daga sama har ƙasa kaset ne. An manna su da gam, layi-layi, an fesa wa gefunansu ruwan zinare. An zare zaren cikinsu kaf, an tufka shi an zagaye bangon da shi kamar ado, wani ya yi lanƙwasa, wani an yanka shi gunduwa-gunduwa yana lilo a iskar fanka. Fentin bai rufe takardun jiki ba. Jan biro. “Na Auta, ranar da ta ci jarrabawa.” “Tatsuniyar kura, kashi na biyu.” “Na Mamansu.”

Ban san lokacin da jakar ta faɗi daga hannuna ba. Ƙarar ce ta sa ya juyo.

“Ah! Gimbiya! Ai da kin faɗa min…” Ya kashe wayar, ya miƙe yana gyara hannun riga. “So na yi in ba ki mamaki bayan biki. Kin ga yadda na karrama Baba? Duk wanda ya shigo sai ya tambaya.”

“Ka zare su.”

“To ai an juye. Me za a yi da zaren kuma? Komai yana cikin filash.”

“Na faɗa maka abin da ke cikin filash ba shi ba ne.”

“Lokacin an riga an yi bangon.” Ya kawar da kai. “Kuma ke kaɗai kike jin wannan abin. Mama ta ji ta yi kuka. Yaya ta yi kuka. Baffa ya sa min albarka. Duk ba su san muryarsa ba sai ke?”

Na matsa jikin bangon. Na kai hannu kan wani zare, ya manne min a yatsa, gam ya cinye shafen nan mai launin ruwan ƙasa da ke jikinsa, wanda a cikinsa muryar take. Ko wane gwani aka kawo, babu abin da zai tsamo daga nan. Na san wannan aikin, shi ya sa ban samu ko 'yar ƙaryar da zan yi wa kaina ba.

“Ka gwada akwatin kafin ka fara?” na tambaye shi. Muryata ko rawa ba ta yi, abin ya ba ni tsoro. “Kebul ɗaya ne. Ko shayi ba zai huce ba ka gama.”

“Sabo ne fil a kwalinsa. Wa yake gwada sabon abu?”

“Da ka saurara fa? Kai da kunne?”

Ya dubi ƙasa. A nan na gane ko sauraron kirki bai yi ba. Ya saka, ya danna, ya tafi harkarsa.

Na ɗaga waya na ɗauki hoton bangon. Ya ce in tsaya mu yi magana kamar manya. Na tsallake akwatinsa a ƙasa na sauka.

Na samu Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta nisanta ta da ido kamar yadda take yi in babu tabarau. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton. Na ga inda ta tsaya. Ta daɗe a wurin.

“Na sani,” ta ce.

“Kin san ya yi wannan?”

“A'a. Na san ba muryarsa ba ce.” Ba ta dube ni ba. “Tun kalmar farko. Mutumin da na tashi da muryarsa na kwanta da ita tun ina yarinya, a ce ban gane ba? Kukan da kuka ga na yi, na wannan ne. Na ce a raina ba komai, kaset ɗin suna nan, wata rana Auta za ta yi min shi daidai. Ni na ɗauki kwalin da hannuna na ba shi. Har na ce masa ya yi a hankali da gindin kwalin, ya taɓa jiƙewa.”

Faranti ya zame daga cinyarta, shinkafa ta watse, ba wadda ta kula a cikinmu. Duk faɗan da na ƙunso a hanya, na kin ba shi, na kin ƙi jina, sai na ajiye shi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Sunansa ya fito a sama, saƙon a ƙarƙashi. Na kai hannu zan karɓa, ta riƙe.

“Karanta min.”

Na karanta a fili, don ban san abin da ke ciki ba.

“Gimbiya, ki huce. Ba duka aka manna ba, bangon ya cika kafin kwalin ya ƙare. Akwai ragowa a gidana, ba abin da ya taɓa su, zarensu lafiya. Na adana miki su a ɗakin da zai zama naki. Ranar da kika shigo, ki juye su da duk akwatin da kike so. Mu bar maganar nan haka, kar ta kai kunnen Baffa kafin Asabar.”

Na karanta har ƙarshe. Na ce, “Kin ji ko, Mama? Kin ji irin mutumin da kuke so ku ba ni? Garkuwa ya yi da su. Yanzu zan je wurin Baffa da hoton nan, in ya so…”

Ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau, da ƙwayar shinkafa manne a jiki.

“In kika je wurin Baffa, aka fasa, kina ganin zai ba mu su?”

“Sai mu karɓa da ƙarfi. Namu ne.”

“Wanda ya yi wa waɗancan haka yana son ki, me zai yi wa sauran in ya tsane ki?”

Ta juyo da wayar ta saka min a hannu, ta naɗe yatsuna a kai da nata. Idonta ya yi ja, amma babu hawaye ko ɗigo. Tunda nake ban taɓa jin Mama ta roƙe ni komai ba.

“Auta, ki ce masa to,” ta ce. “Ki ce masa to, ki karɓo min muryar mijina.”

A saman allon an nuna yana nan, yana jira. Wurin rubutu a buɗe, ɗan layin nan yana ƙiftawa, Mama kuma ba ta saki hannuna ba.